Tsoron Ciwo Shi Ma Ciwo Ne

Wata rana cikin damina, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na ji ana buga ƙofar ɗakina a Agege kamar za a ɓalla ta. Ko da na buɗe, sai ga ɗan ƙanwata tsaye, ya dafe ƙirji, gumi yana tsiyaya a fuskarsa. Yaro ne ɗan shekara 23, tela, wanda bai cika shekara biyu da barin Kafanchan ba. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ka yafe mini, ka kuma gaya wa Mama ta yafe mini. Yau kam zuciyata za ta tsaya." Muka tashi wani maƙwabci mai mota, muka nufi asibiti. Aka auna jininsa, aka saurari ƙirjinsa, aka ɗauki awon bugun zuciyarsa a na'ura, kafin asuba likita ya ce babu abin da ya sami zuciyar nan.

Da gari ya waye na raka shi ɗakinsa, nan ne kuwa na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, cike da takardun gwaji na wurare dabam-dabam, da kwalabe da kwalayen magani, wasu an sha rabi an yar. Sau biyar cikin shekara guda aka yi masa maganin taifot. Ya sayi na'urar awon jini, yana ɗaura wa hannunsa safe da rana da dare. Kusan rabin abin da keken ɗinkinsa ya kawo masa can ya tafi, alhali uwarsa tana gida tana jiran kuɗin taki.

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, da na Binin da Anacha da Fatakwal, na tabbata da wuya a sami unguwar da babu irin wannan yaro a cikinta. Wani saurayi ne mai gadi, wata budurwa ce 'yar makaranta, wani ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Jikinsu lafiya ƙalau, amma kullum suna cikin zullumin cewa wata muguwar cuta tana cin su a ɓoye. Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne: wannan zullumi shi kansa ciwo ne, likitoci sun san shi, yana da magani, kuma mu manya muna ƙara masa ƙarfi da dariyar da muke yi wa masu shi da kuma gurguwar shawarar da muke ba su.

TSORON YANA DA ASALI

Kafin mu ga laifin yaran nan, ya kamata mu tuna inda suka fito. Tun cikin 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos a Kafanchan, garin ya zama mahaɗar jama'a, kuma 'ya'yan wannan yanki suka saba da bin hanya zuwa Kudu neman aiki. Da yawa daga cikin samarin da suke saukowa yau daga Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Manchok sun ga mutuwa da idonsu tun suna ƙanana. Iyayensu sun ba su labarin rikicin 1987 da na Zangon Kataf na 1992, su kuma sun tashi cikin na 2011 da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka. Yaron da ya taɓa kwana a daji yana sauraron ƙarar bindiga, jikinsa yakan koyi zama cikin shirin gudu, ko bayan an daɗe da samun kwanciyar hankali.

Ga kuma cututtuka na gaske. Dattawa ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Cikin watan Yuli na 2023 mashaƙo ya ɓulla a Kafanchan, ya ɗauke yara. Wanda yake Ikko yana jin irin wannan labari ta waya, ba ya iya zuwa, ba ya iya yin kome, sai ya kwanta ya shiga tattaɓa maƙogwaronsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka wannan tsoro yana da asali, kuma wanda ya ce wa yaro ragwanta ce ko neman a kula shi, bai yi masa adalci ba.

Daɗin daɗawa, zaman baƙunci yana da nasa nauyi. A gida in yaro ya ce kansa yana ciwo, akwai kaka da za ta taɓa goshinsa ta ce rana ce ya sha, ya je ya kwanta, shi ke nan maganar ta ƙare. A nan kuwa shi kaɗai ne a ɗaki, ko su biyar a ɗaki amma kowa da abin da ya dame shi. Ya san in ya kwanta jinya babu mai dafa masa kunu, babu albashi, kuɗin haya kuma ba ya jira. Ya taɓa ganin an yi karo-karo an sa gawar wani a mota an kai gida. Abokin hirarsa da dare ita ce wayar hannu, ita kuwa waya in ka tambaye ta dalilin ciwon kai, da wuya ta bar ka ba ta ambaci ciwon daji ba.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Masana sun bayyana yadda wannan ciwo yake kama mutum, kuma bayanin ba shi da wuyar fahimta. In mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki wani sinadari da ake kira adiranalin, wanda aikinsa shi ne shirya mutum ya gudu ko ya yi faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, gumi ya karyo, baki ya bushe, ciki ya murɗa. In numfashin ya yi yawa sai a ji jiri, yatsu da leɓɓa su riƙa yin kamar ana tsira musu allura. Duk wannan yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura. Amma ga wanda yake kwance a ɗaki babu kura, sai ya ɗauki waɗannan alamu a matsayin shaidar cutar da yake tsoro. Tsoron ya ƙaru, alamun su ƙaru, abu ya zama kamar mai ƙoƙarin kashe wuta da kananzir.

Sa'an nan akwai maganar sa ido. Jikin ɗan Adam ba ya rabuwa da motsi: nan ya ɗan yi tsami, can jijiya ta harba, ciki ya yi ƙugi. Mai aikin gabansa ba ya ko lura. Amma wanda ya zauna yana gadin jikinsa, babu abin da zai wuce shi. Zuciyar babba mai lafiya takan buga tsakanin sau 60 da 100 a minti in yana hutawa, takan kuma wuce haka in ya hau bene, ko ya ci goro da yawa, ko ya sha kofi ko lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari da samari suke ɗirka don su yi aikin dare. Wanda yake matsa wani ƙullutu a wuyansa sau ashirin a yini, shi da kansa zai sa wurin ya kumbura ya yi zafi.

Abin da ya fi ba da tausayi shi ne, gwajin da yaron yake yi don ya sami natsuwa shi ne yake ciyar da ciwon. In aka ce masa ba a ga kome ba, yakan ji sanyi kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan zuciya ta raya masa cewa wataƙila na'urar ba ta da kyau, ko mai gwajin bai iya ba. Sai ya nemi wani wuri. Kowane gwaji yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa ba shi da lafiya sai takarda ta shaida.

Kada kuma a ɗauka wannan sabon abu ne, ko ciwon Turawa. Cikin 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayanin abin da ɗalibai 'yan Nijeriya suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa: zafi a ka, jin kamar wani abu yana tafiya a cikin kai, duhun gani, da kasa riƙe karatu. Ya gane cewa damuwa ce take fitowa ta jiki. Mu ma haka muke: da wuya mutumin Arewa ya ce maka yana cikin fargaba, sai dai ya ce jikinsa yana zafi a ciki, ko jininsa ya ƙone. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba iri-iri a duniya, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa.

MASU CIN RIBAR TSORO

Inda tsoro ya yi yawa, nan kasuwa take ci. Mai kemis ba zai kori mai kuɗi a hannu ba. Ka ce masa jikinka ba daɗi, ya haɗa maka kala huɗu a leda. Ka shiga ɗakin gwaji na bakin titi, da wuya ka fito ba a rubuta maka maleriya da taifot ba. Ya kamata jama'a su sani cewa gwajin nan na Widal da ake dogara da shi ba ƙwayar taifot yake gani ba. Abin da yake aunawa shi ne alamun garkuwar jiki, kuma waɗannan alamu sukan bayyana a jinin wanda ya taɓa yin ciwon da daɗewa ya warke, ko wanda zazzaɓin cizon sauro yake damunsa. Gwajin da yake tabbatar da taifot shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji, a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Mutumin da ba shi da zazzaɓi ko kaɗan, aka ɗora masa maganin kashe ƙwayoyin cuta sau biyar a shekara, an cuci aljihunsa, an lalata masa ciki, an kuma koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su bijire wa maganin ranar da za a buƙace shi da gaske.

Ga masu tallar magani a tasha da cikin mota, masu lasafta alamu goma sha biyu har sai kowa ya ji an taɓo nasa. Ga masu cewa sammu ne aka yi wa yaro daga gida saboda an ga ya fara samu, maganar da ta raba zumunci a gidaje da yawa. Ga kuma saƙonnin WhatsApp da Facebook da ake turawa babu sunan mai su. Ba mu manta da farkon watan Agusta na 2014 ba, daren da waya ta tashi ƙasar nan duka a kan a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai maganin Ebola. Mutanen Kudu suka bugo wa na gida, na gida suka bugo wa na Kudu, aka kwantar da mutane da dama a asibiti, har aka ba da labarin rasuwar wasu. Ita cutar kanta, wadda ta shigo Ikko ran 20 ga Yuli, mutum 20 ta kama, ta kashe 8, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta tsare ta a ƙofa, kuma ran 20 ga Oktoba aka bayyana cewa Nijeriya ta rabu da ita. Ta tsaya a Ikko da Fatakwal, amma gishirin ya kai har ƙauyukanmu.

AMMA FA A YI HATTARA

Na san wani zai ce, "Malam, a ƙasar da mutane suke mutuwa saboda ƙin zuwa asibiti, kai kuma kana hana yara gwaji?" Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan yi watsi da ita ba. Gaskiya ne masu jinkirin zuwa asibiti sun fi masu yawan zuwa yawa, kuma rigakafi ya fi magani. Akwai gwaje-gwajen da nake roƙon kowane matashi ya yi: ya san rukunin jininsa game da sikila kafin maganar aure ta yi nisa, tun da wajen mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar gadonta, ya yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, ya auna hawan jini lokaci-lokaci. Waɗannan ana yi ne a san matsayi, a ajiye takarda, a ci gaba da harka.

Akwai kuma alamun da ba a wasa da su: zazzaɓi mai zafi da ya wuce kwana biyu ko uku, musamman in wuya ya sanƙare, tarin da ya kai mako biyu, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, jini a majina ko fitsari ko bayan gida, rama ba dalili, idanu su yi ɗorawa, ƙullutun da yake ƙara girma, suma, da ciwon ƙirji mai zuwa in an yi aikin ƙarfi. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tafi asibiti yau, kada ya jira gobe. Bambancin a bayyane yake. Mai hankali yakan je a duba shi, a ba shi amsa, ya karɓa. Mai ciwon zullumi kuwa an ba shi amsa sau goma, amma har yanzu yana kan tambayar.

ABIN YI

Ga matashin da ya ga kansa a cikin wannan bayani, shawarata ta farko ita ce ya tsaya ga likita guda da kati guda. Ya je asibitin da aka yarda da shi, ya kwashe takardunsa duka ya nuna, ya kuma faɗi gaskiya cewa tsoro ya hana shi barci. Likitan da ya san tarihinka shi ne zai iya ce maka gwajin nan ya isa. Na biyu, ya rage gadin jiki sannu a hankali. Wanda yake awon jini sau shida a yini ya mayar da shi sau ɗaya, daga nan sau ɗaya a mako, daga baya ya bar wa likita. Kwanakin farko fargabar za ta tashi, amma in ya daure bai taɓa na'urar ba, za ta sauka da kanta, kuma kowace sauka tana karya mata ƙarfi. Na uku, ya daina tambayar waya alamun cuta, ya kuma fice daga zaurukan da ba su da aiki sai yaɗa hotunan marasa lafiya. Na huɗu, in abin ya taso masa ya zauna, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, har 'yan mintoci, domin irin wannan farmaki yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma sa'an nan ya lafa. Na biyar, ya rage goro da kofi, ya nemi barci, ya koma filin ƙwallo, ya shiga mutane. Ya nisanci ƙwayoyin barci da tiramol da kodin, waɗanda sukan kwantar da hankali na dare ɗaya su bar mutum da bautar shekaru.

In duk wannan bai wadatar ba, akwai magani a hannun masana. Akwai jinya ta hanyar zantawa, inda ake koya wa mutum yadda zai binciki tunaninsa ya canja halayen da suke ciyar da tsoron, an kuwa jarraba ta an ga amfaninta. Akwai kuma ƙwayoyi da likita yake rubutawa, waɗanda sukan ɗauki 'yan makonni kafin su fara aiki. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya suna nan a Yaba da Aro da Binin da Inugu da Kalaba, na gida kuma yana Barnawa a Kaduna. Shiga ƙofarsu ba ya nufin mutum ya haukace. Wanda kuwa zuciyarsa ta fara raya masa ya hallaka kansa, wannan a kai shi nan take.

Mu manya kuma muna da namu aiki. Sarakunan Hausawa na unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban garuruwa na Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da sauransu, da limamai da fastoci, su ne iyayen yaran nan a baƙunci. Muna tara kuɗin kai gawa gida ba tare da gardama ba. Me zai hana mu gayyato likita ko nas daga cikin 'ya'yanmu sau ɗaya a wata uku, ya yi wa matasa bayani da Hausa bayan taro? Addu'a tana da wurinta, kuma ba ta hana neman magani. In yaro ya zo maka karo na goma yana tambaya ko ƙullutun nan ciwon daji ne, kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka ba shi kuɗin wani sabon gwaji. Ka ce masa, "Ɗana, na ga kana shan wahala, likita ya riga ya duba wannan, zo mu je a yi maganin tsoron." Marigayi Shehun Malami Thomas Adeoye Lambo ya nuna wa duniya tun 1954 a Aro cewa mai ciwon zuciya da tunani ya fi saurin warkewa in yana cikin jama'a tare da danginsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura hukuma. Cikin watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka a takarda ba ta warkar da kowa sai an sa mata ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka ba za su taɓa isa ko'ina ba. Mafita ita ce a horar da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane wannan ciwo tun da wuri. Kafanchan tana da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, kuma cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da babban asibitin garin, mai ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ya zama cibiyar kiwon lafiya ta Tarayya. Muna kira ga wakilanmu da su tsaya tsayin daka a kafa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa mai ƙarfi a wurin, domin yankin da ya sha irin wahalar da Kudancin Kaduna ya sha ya cancanci haka. Hukumomin da suke ba da lasisin kemis da ɗakunan gwaji kuma su riƙa zagayawa suna dubawa.

Shi ɗan ƙanwata, wata huɗu ya yi yana zuwa wurin likita guda. Na'urar awon jinin tana hannuna, na kulle ta a akwati. Har yanzu wani dare abin yakan taɓa shi, amma ya san sunansa, ya kuma san zai wuce. Da daminar da ta biyo baya shi ya aika wa uwarsa kuɗin taki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansu da alheri.